Tabarau Ɗin Waya da Buhun Wake

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, mai sayar da hatsi a Madobi, ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



An ba ni minti ashirin in yi magana a kan ɗan abin nan da ke hannuna. Na baya ba lallai su hango shi ba, don bai fi murfin kwalbar lemo ba. Gilashi ne ƙarami da aka haɗa da maƙali irin na shanya. Ana maƙala shi a kan idon kyamarar waya, sai ƙanƙanin abu ya fito ƙato a fuskar wayar. Masu sayar da kayan waya suna ce masa lensi. Mu a rumfarmu tabarau ɗin waya muke ce masa, don aikinsa ke nan: yadda tsohuwa ke sa tabarau ta zura zare a allura, haka waya ke sa shi ta ga abin da ke dab da ita. Ana samunsa a Kano wurin masu kayan waya, irin su Farm Centre da Beirut Road. Ba zan faɗi farashi ba, kun san yadda kuɗin kaya yake yanzu, na safe daban na yamma daban. Amma lokacin da na sayi nawa, bai kai kuɗin kwano biyu na wake ba.

Na san wata za ta ce, yo wannan ai kayan wasan yara ne, na masu ɗaukar hoton fure da tururuwa. Haka ne, yara na wasa da shi. Amma ni ba fure ya kawo ni ba. Kuɗinmu ne ya kawo ni. Duk shekara idan kaka ta yi, muna ɗaukar kuɗin adashi da na asusun ƙungiya mu sayi wake mu ajiye, muna jiran farashi ya ɗaga wajen damina. Cikin wannan kuɗin akwai na marainiyar da ake tara wa kayan ɗaki, akwai na kuɗin makaranta, akwai na wadda mijinta ke kwance. Idan aka buɗe buhu a watan huɗu aka tarar ya koma gari da ɓawo, ba ƙwaro kaɗai ya ci wake ba, ya ci zumunci ma, don daga nan ake fara kallon juna. To abin da nake so in nuna muku shi ne, ɓarnar da muke gani a watan huɗu, tana nan a jikin waken tun ranar da muka biya kuɗi. Idonmu ne bai kai ba.

Bari in faɗa muku yadda ƙwaron wake yake rayuwa, don wadda ba ta san wannan ba, ko ta duba da tabarau ba za ta san me take kallo ba. Macen ƙwaron ba ta jira a kai wake rumbu, tun a gona take farawa. Tana manna ƙwanta a bayan ƙwayar wake, ɗaya-ɗaya, kuma mace guda tana iya yin ƙwai da dama, har kusan ɗari. Ƙwan bai kai milimita ɗaya ba. A kan farin wake, da ido zalla, sai ki ɗauka ƙura ce ko ɗan tabo. Amma da tabarau za ki gan shi sarai, ɗan dogo-dogo, mai tudu, kamar an ɗiga ruwan ƙaro ya bushe. Idan sabo ne yana sheƙi, kina ganin launin waken ta cikinsa. Bayan kamar mako guda sai ya ƙyanƙyashe, kuma tsutsar ba ta fitowa waje ki gan ta, ta ƙarƙashin ƙwan take huda waken ta shige kai tsaye. Garin da ta tono shi ke cika ɓawon ƙwan, sai ya koma fari fat kamar alli. Ku riƙe wannan: mai sheƙi, bai shiga ba tukuna, fari kamar alli, mai gida na ciki yana cin abinci.

A lokacin zafi, mako uku zuwa huɗu ya isa tsutsar ta zama ƙwaro. Kafin ya fito, za ki ga wani ɗan da'ira a jikin waken, fatar wurin ta yi siriri ta ɗan yi duhu, kamar taga da aka rufe da leda. Ita ce ƙofar da zai ɓalle ya fita, ita ce ramin nan da muka saba gani. Ashe ramin da muke dubawa a kasuwa mu ce wake ya yi ƙwari, labarin ƙarshe ne. Wanda ya fita ya riga ya je ya yi nasa ƙwan. Kuma sanyin hunturu yana rage masa sauri, shi ya sa buhu ke yin shiru a watan sha biyu da watan ɗaya ki ce lafiya lau, zafin bazara na shigowa sai abu ya tashi gaba ɗaya.

Yanzu ga yadda ake amfani da shi. A nan ne mutane ke gajiya su jefa shi a kwaba, su ce na jabu aka sayar musu.

Yawanci ana sayar da su ne uku a 'yar jaka ɗaya, kuma biyu daga ciki a ɗaure suke da juna kamar murfi da kwalba. Sai kin murɗe na saman kin cire, na ƙasan shi ne namu. A gefensa an rubuta Macro, harafi biyar, 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci ku karanta da kanku kada mai shago ya karanta muku. Ki cire rigar wayar, ki goge idon kyamara da gilashin da ƙyalle mai laushi, ba da bakin zanin da kika goge hannun mai ba. Wayoyinmu na yanzu, su Tecno da Infinix da Itel, wata ido biyu wata uku a baya. Ki buɗe kyamara, ki rufe idanun ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wanda kika rufe hoto ya yi baƙi, shi ne mai aiki, a kansa za ki maƙala. Idan kin ga duhu a kusurwar hoto, bai zauna daidai tsakiya ba, ki ɗan gyara.

Da kin maƙala, komai zai yi dishi-dishi, kamar mai kallo ta cikin hazo. Ba lalacewa ya yi ba. Shi ba ya ganin nesa sam. Sai kin matso da wayar dab da abin, tazarar kamar faɗin yatsa ɗaya, santimita biyu ko kusa da haka, sai ki ga hoto ya washe farat ɗaya. Kuma wurin da yake washewa siriri ne ƙwarai. Kina iya ganin saman ƙwayar wake tsaf, gefenta kuma a dushe. Don haka ba taɓa fuskar waya ne ke gyara shi ba, matsowa ne da ja da baya, kaɗan-kaɗan, kamar mai auna gishiri a miya. Kada kuma ki ja hoton da yatsu biyu wai ya ƙara girma, wannan yana ɓata shi ne kawai.

Babbar matsala ita ce rawar hannu. Abin da ya ƙara girman wake, ya ƙara girman rawar hannunki. Ni abin da nake yi, in zuba waken a faifai ko a farar takarda a kan benci, in kafa gwiwar hannuna biyu, in jingina gefen wayar a kan akwatin ashana ko ɗan littafi. In sa agogon kyamara na daƙiƙa uku, don dannawar da yatsa ke yi ita kanta tana girgiza wayar. In riƙe numfashi. In ɗauki biyar ko shida, in zaɓi ɗaya in share saura, don kar su cika min waya.

Sai haske. Kada ki kunna fitilar wayar, tabarau ɗin yana tare ta, rabin hoto ya ƙone rabi ya yi duhu. Kada ki tsaya cikin tsakar rana, farin wake zai yi ta ƙyalli ba ki ga komai. Kada kuma ki shige can ƙuryar shago. Bakin rumfa, ko inuwar bishiya, ko hasken safe kafin rana ta take, su ne daidai. Ki lura kada inuwar wayar da kanta ta faɗa kan waken. Ki juya yadda haske zai shigo ta gefe, don hasken gefe shi ke fito da tudun ƙwai. Idan ɗaya gefen ya yi duhu, ki tsayar da farar takarda a wurin ta maido da haske. Takardar littafin rubutu ma ta isa. In kuma za ki tura wa wani hoton, ki ajiye kan ashana a gefen abin, don mai kallo ya san girmansa na gaskiya. In ba haka ba zai ɗauka ƙwaron ya kai ɗan tsako.

To, a kasuwa fa? Ba za ki duba buhu gaba ɗaya ba. Ki sa a ɗebo miki daga sama, daga tsakiya, da kuma ƙasa, da ƙarfen nan da ake soka buhu. Ki gauraya, ki ƙirga ƙwaya ɗari, ki bi su ɗaya-ɗaya kina juyawa, ki ware masu ƙwai gefe. Minti goma ne in kin saba. Bara na yi haka da wani wake da idona ya ce min tas yake, fari sol, ba rami ko ɗaya. Cikin ɗari na ware goma sha ɗaya masu ƙwai, kuma da yawansu sun yi fari. Na nuna wa mai kayan a fuskar waya. Ban ce ya cuce ni ba, don shi ma bai gani ba, daga manomi ya karɓo. Ya kalla ya kalla, ya kira maƙwabcinsa ya kalla, sannan muka sake ciniki. Na saya, amma ban sa shi a kayan ajiya ba, na kai wa masu ƙosai da alale ya ƙare cikin sati biyu.

Wannan shi ne amfanin, ba wai ki ƙi saye ba. Wake marar ƙwai ko ɗaya wuyar samu gare shi. Amfanin shi ne ki san wanne za ki sayar da wuri, wanne za ki ajiye, kuma nawa ya kamata ki biya. Wanda za a ajiye, a shanya shi ya bushe sosai, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, a matse iska a ɗaure kowace leda daban. Ko a jarka ko duro mai murfi da ba ya shan iska, a cika shi taf. Idan iska ta ƙare a ciki, ƙwaro da tsutsa mutuwa suke yi ba tare da magani ba. Ina roƙonmu, iyayena da ƙannena, mu bar zuba fiya-fiya a cikin abinci. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan maganin a jikinsa. Su sun ƙi ci, mu kuma mu da 'ya'yanmu muke cinyewa. Sau da yawa tsoro ne ke sa mace ta zuba magani, don ba ta san abin da ke cikin buhunta ba. Wadda ta duba ta ƙirga, tsoronta ya ragu.

Bari in taɓa tumatir, tunda rabinmu mazajenmu ko 'ya'yanmu suna noman rani. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka ja ruwa zuwa filayen Kadawa, da Kura, da Bunkure, da Garun Malam, tumatir ya zama abin da yankin nan ke taƙama da shi, kowa ya san Kwanar Gafan. Kuma babu wanda ya manta 2016, shekarar da sharon ta cinye gonaki, kwandon tumatir ya gagari talaka, har kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya tsaya saboda rashin kaya. Wannan tsutsar asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006, daga can ta yi ta yaɗuwa har ta iso mu. Uwarta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka da ke yawo da dare. Ƙwanta ya fi na ƙwaron wake ƙanƙanta, bai kai rabin milimita ba, launinsa tsakanin fari da rawaya, kuma an fi samunsa a bayan ganye. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye biyu tana ci, ta bar wani faffaɗan tabo mai haske da baƙin kashinta a ciki. Akwai wata tsutsar ta daban, ta ɗan ƙuda, ita kuma siririn layi take ja mai lanƙwasa kamar rubutun yaro. Da ido daga tsaye duk ɗaya suke, da tabarau kuwa ba sa kama. Ki tsinko ganyen ki kawo inuwa, don a gona iska ba za ta bar ki ki ɗauka ba.

Haka ma tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016. Tana da alama a ka kamar harafin Y a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe a wajen wutsiya. Ga ranar karatu.

Amma ku ji ni da kyau. Hoto ba malamin gona ba ne. Idan kin ɗauka, ki tura wa malamin gona, irin na KNARDA, ko wanda ya san aikin, shi zai faɗi abin da za a yi. Abin da hoton zai hana shi ne a tafi shagon magani a ce kawai “ganye na ƙonewa”, a dawo da kwalba uku da ba su dace ba.

Masu turara shinkafa, ku ma akwai naku. Idan kika ɗora ƙwayar shinkafa a kan farar leda kika haska tocila ta gefe ko ta ƙasa, za ki ga ko tana da tsaga a ciki. Mai tsaga ita ce ke karyewa a inji, kuma abin da ya fi jawo ta shi ne shanya a rana mai zafi ta bushe da gaggawa. Za ki kuma ga wadda tsakiyarta ya yi fari, alamar turarin bai ratsa ta ba. Wannan farin cikin ba na murna ba ne, mai saye daga Kura yana ganinsa zai rage miki kuɗi. Sai dai ƙwaron shinkafa da na masara ba irin na wake ba ne: shi huda ƙwayar yake yi ya sa ƙwan a ciki ya toshe bakin. Don haka kada ki duba masara ki ga ba ƙwai ki ce ta tsira. Tabarau bayan abu yake gani, ba ya ganin ciki. Ba ya kuma gaya miki ko hatsi ya bushe. Wannan har yanzu haƙori ne ke faɗa.

Wani ɗan amfani da ban zata ba: ƙananan rubutun jikin kwalbar magani da fakitin iri, ranar da zai lalace da lambar NAFDAC. Mu da muka koyi karatu da girma, muna gama sanin haruffa ido ya fara ja da baya. Harafi kaɗan yake ɗauka a lokaci guda, amma yana karantuwa.

Masu sayar da kaya ta WhatsApp, su atamfa da leshi da hula da turaren wuta, hoton kusa yana nuna saƙar zare da kyan ɗinki yadda mai saye a Kano ko Abuja zai yarda. Ku tura biyu, ɗaya na nesa ba tabarau, ɗaya na kusa. Ku zaɓi HD wajen turawa, in ba haka ba WhatsApp yana matse hoton ƙananan abubuwan su ɓace. A nan ina da magana guda. Abin da ke tona gaskiya, yana iya rufe ta. Kina iya tsince ƙwaya goma mafi kyau a buhu ki ɗauka ki tura. Wadda ta yi haka da sunan ƙungiya, ranar da buhu ya isa aka buɗe, ba ita kaɗai za a daina kira ba, har da mu. Ki damƙo daga tsakiya, abin da hannu ya kawo shi za ki ɗauka. Ga iyayen gida kuma da ke ɗari-ɗari da harkar hoto, hankalinku ya kwanta: in dai tabarau na maƙale, ko mutum na tsaye a gabanta fuskarsa ba za ta fito ba.

Wasu wayoyin suna zuwa da nasu idon na kusa. Wadda take da shi ta gwada kafin ta kashe kuɗi. Na gwada na 'yata, ƙwan yana fitowa amma bai kai na tabarau washewa ba. Kuma in za ki saya, ki tafi da 'yan ƙwayoyin wake a ƙullin zani ki gwada a gaban mai shago. Akwai na roba mai saurin karcewa, akwai na gilashi. Ki duba maƙalin ya kai idon wayarki, don wasu wayoyin idonsu na can tsakiya. In kin gama aiki ki mayar da murfinsa ki sa a jakarsa, ƙurar hunturu ba ta raga masa.

Hajiya shugaba, ga roƙona ga kwamiti. A sayi guda biyu da kuɗin ƙungiya, a ba masu zuwa sayen kaka. Duk buhun da za a ajiye da kuɗinmu, ko daga ƙauye aka ɗauko ko daga Dawanau, a ƙirga ƙwaya ɗari, a rubuta a littafin ma'ajiya: ranar saye, inda aka saya, da ƙwaya nawa aka samu da ƙwai. Buhun da ba a rufe shi ruf ba, a sake dubawa duk bayan sati uku. Wanda aka ɗaure a leda kuwa a bar shi, kada son dubawa ya sa a riƙa buɗewa iska na shiga. Ranar da aka buɗe don sayarwa a sake ƙirgawa a rubuta. In muka yi haka kaka biyu, littafin da kansa zai nuna mana wurin wa ya kamata mu riƙa saye.

Na zo da wake kashi uku a leda, na sa musu lamba ɗaya, biyu, uku. Ɗaya daga ciki yana da ƙwai da yawa, ban gaya wa kowa wanne ba ne. Bayan an ci abinci ina gindin darbejiyar can ta bakin ƙofa. Kowa ta fara dubawa da idonta ta faɗi lambar da take zargi, sannan ta kawo wayarta mu maƙala. Masu zuwa su wanke hannun miya tukuna.